Muryar Babana a Zaren Carbin Inna

Ko tsufa ya rikita ni, ba na jin zan manta ranar da na fara jin muryar mahaifina, alhali gemuna ya riga ya yi furfura.

Ina da shekara biyu ya rasu, don haka a bakin mutane kawai na san shi. Wata damina ruwa ya ci bangon ɗakinsa a gidanmu na Gwarzo, muka shiga kwashe kaya. A ƙarƙashin gado na jawo wani akwati mai nauyin tsiya, da maɓallai a gaba kamar rediyo. Mahaifiyata, wadda muke kira Inna, ta ce wani Bature malamin gona ne ya bar masa da zai tafi. "Malam yakan zauna yana yi wa abin nan surutu," in ji ta. "Ni dai ban taɓa ganin amfaninsa ba."

Na ɗaure shi a bayan babur sai Kabo, wurin wani dattijo mai gyaran rediyo. Yana buɗewa ya gyara zaman tabarau. "Malam, wannan na'urar ɗaukar murya ce, ta girmi kaset nesa ba kusa ba. A jikin wani zaren ƙarfe take ajiye magana, siriri kamar gashi, naɗe a kwarkwaro irin na tela. Ina zaren?"

Ai kuwa na san zaren nan sarai. Tun ina yaro yana cikin kwallar Inna. Duk matar da carbinta ya tsinke a unguwarmu wurin Inna take kawowa, ita kuma ta yanko ta zura mata 'ya'yan carbin, tana alfahari zarenta ba ya ruɓewa. Ni kaina na sha sato shi in ɗana wa kurciya tarko.

Ina da saurin fushi, ban ɓoye ba. Ko babur ban kafe da kyau ba na faɗa ɗakinta. "Inna, kin san abin da kike yankawa shekara da shekaru? Muryar Baba ce!" Ta miƙe ta ɗauko kwarkwaro uku. Biyu wayam, na ukun saura kaɗan, shi ma a cukurkuɗe. A hankali ta ce, "To wa ya faɗa mini?" Kunya ta rufe ni, har yau in na tuna yadda na ɗaga mata murya raina yana ɓaci.

Na kai wa dattijon nan ragowar zaren, mako uku ya yi yana fama. Ya kankare gidan zanzaro daga cikin na'urar, ya yanko robar tayar keke ya maye gurbin robar da ke juya kwarkwaron wadda ta narke, ƙwayayen gilashin cikinta masu kama da ƙwan fitila da suka mutu kuwa sai a Kano ya samo a jikin wata tsohuwar rediyo. Zaren ne ya fi ba shi wahala. Da tsinke yake warware shi, inda ya tsinke ya ƙulla. "Kowane ƙulli kalma ce ta tafi," ya ce da ni. "Kuma kada ka sa rai da yawa, mai yiwuwa ba komai a ragowar." Kullum na dawo daga Kabo Inna ba ta tambaya, sai dai ta bi fuskata da kallo.

Wata Juma'a bayan la'asar ya kawo na'urar gida da kansa. Muka shimfiɗa tabarma a tsakar gida, Inna ta zauna can gefe. Ya murɗa maɓalli. Sai shuuu, kamar ruwa a rufin kwano, har na fidda rai. Can sai tari. Sai wata murya mai kauri ta ce, "Bismillahi. To, ya fara ɗauka ke nan?" Kafin ya ci gaba, kukan jariri ya cika wurin. Mai muryar ya yi dariya ya ce, "Ku miƙo mini autan nan. Kai, wannan yaro akwai rigima!"

Inna ta ja mayafi ta rufe fuska, kafaɗunta na rawa. Ban sani ba ko kuka take ko dariya, sai da ta ce, "Kai ne kake tsala ihun nan. Ka ga tun a lokacin haka kake." Maganar ba ta fi minti biyu ba, amma ta ishe ni.

Na roƙi Inna gafara a wurin. Abin da na koya shi ne, muryar tsoho ba a jira sai ya tafi a shiga nemanta a ƙarƙashin gado. Washegari na ajiye wayar hannuna a gabanta na ce ta yi magana. Ta ce, "In ce me?" Na ce, "Komai ma, Inna, ko faɗa ne." Yau ba ta raye, amma jikokin da ba su riske ta ba sun san muryarta.