Kunnen Aron Kawu Ɗanburam

Ina riƙe da ledar tumatir, ina jiran mai kayan miya ya ƙara mini gyara, aka yi ƙarar. Bayan magariba ne, a bakin kasuwar Jimeta, cikin shekarar 2015. Ban ga wuta ba, ban ga kowa ba. Ƙasa ce kawai ta motsa a ƙarƙashin silifas ɗina, duniya ta yi tsit, sannan ihu ya biyo baya. Na isa gida a guje da ledar a hannu, tumatirin ya dame tun kafin ya ga tukunya. Ina aji biyar na sakandare a lokacin. Na gama sakandare, na gama jami'a, na yi bautar ƙasa, amma har yau in aka buga ƙofar mota da ƙarfi sai idona ya fara neman maɓoya.

Ba labarina zan bayar ba. Na faɗi wannan ne don a gane yadda aka yi Kawu Ɗanburam ya same ni a sauƙaƙe.

Bara na samu aiki a wani ƙaramin kamfanin ɗaukar bidiyo a Jimeta, ɗakuna biyu a saman shagon masu tayil. Biki muke ɗauka, da taron coci, da walimar sauka, da tallan makarantun kuɗi, wani lokaci kuma hira da 'yan gudun hijira in wata ƙungiya ta ba da aiki. Mai kamfanin Oga Fredrick ne. Shi ne furodusa, wato mai nemo aiki da shirya mota da abinci, kuma shi ne darakta, wato mai cewa a fara a tsaya, yana ɗaure fuska. Othniel ke riƙe kyamara. Hilda ce edita, tana zaune a ɗakin ciki gaban kwamfuta tana yanke tari da hamma da duk inda amarya ta harari dangin ango. Ni aka ɗauka in rubuta tambayoyi, in kuma riƙe doguwar sandar mayik sama da kan mai magana. Sauti kuwa, duk abin da ya shafi sauti, na Kawu Ɗanburam ne.

Ɗan unguwar Bako ne a Yola, ya haura hamsin, siriri, da hula zanna da ta ga shekaru. Mahaifinsa ya so ya yi noma, shi kuwa tun yana saurayi ya bi wani mai ba da hayar lasifika. Daga nan ya buɗe rumfar kwafar kaset a kasuwar Jimeta. Kaset ya mutu ya koma faifai, faifai ya mutu ya koma tura waƙa a waya. Yakan ce shi ya binne na'ura uku da hannunsa, kuma babu wadda ya yi wa kuka. Abin da ba ya faɗa shi ne, ranar da na dama tumatir, rumfarsa tana kusa da inda abin ya tashi. Ya fita da ransa, amma kunnen hagu bai fito tare da shi ba. Na dama kuma tun daga lokacin yake ja da baya kaɗan-kaɗan.

Babu wanda ya sani a kamfanin. Bakin mutum yake karantawa, kuma kullum yana zama inda zai fuskanci kowa. A wurin aiki kuwa fitilun rikoda yake kallo. In koraye suna tsalle, magana tana shiga. In ja ya kama, a rage.

A satina na biyu muka kama juna. Muna ɗaukar biki a Vinikilang, yara suka fasa nokawut, abin wasan nan mai ƙara kamar bindiga, a bayan rumfa. Ban san lokacin da na ajiye sanda ba. A bayan tankin ruwa ya same ni, na dafe kai. Ya tsuguna ya dube ni, wayarsa kuwa tana ta ringi a aljihunsa, ringi mai tada barci, shi ko a jikinsa.

Na ce, "Kawu, wayarka."

Ya laluba aljihu, ya kashe ta. Sannan ya ce, "Malam Digiri, kai kana jin abin da babu, ni ba na jin abin da akwai. In Oga ya sani, mu biyu za mu koma sayar da rake. Ka ga wani abu?"

"Ban ga komai ba."

"Ni ma ban ga kowa a bayan tanki ba."

Washegari ya zo da wata siririyar waya da ya haɗa da kansa. Shi zai sa babban hedfon a ka, kowa ya gani. Siririyar wayar kuma ta fito daga rikoda, ta bi ta ƙarƙashin rigata, ta ƙare a kunnena. In na ji janareta ko babur ya shiga, in sosa hanci. In murya ta yi ƙasa, in taɓa gemu. Da ya ga na sosa hanci sai ya ɗaga hannu kamar alƙali, ya ce, "A dakata. Akwai abin da bai yi mini ba." A tsaya, a kasa kunne, can sai a ji zakara yana cara gida uku daga nan. Othniel ya girgiza kai ya ce, "Wannan mutum ba kunnen mutane gare shi ba." Har Oga ya fara yi wa masu kawo aiki alfahari da shi. Wata rana mura ta kama ni, ya tsayar da ɗauka sau tara a hira guda. Da aka tambaye shi me yake ji, ya ce iskar wurin ce ba ta da tarbiyya.

Shi ma bai bar ni haka ba. In aiki ya lafa sai ya sa mini hedfon, ya kunna ƙararrakin da ya tara shekara da shekaru.

"Wannan fa?"

"Bindiga."

"Kwanon rufi ne, akuya ta taka. Wannan fa?"

"Bom."

"Hajiyar gidanmu ce ta rufe firji. Kai da digirinka ba ka san firji ba?"

Ban warke ba, amma na fara dariya bayan na firgita, wanda a da ba na yi.

A watan jiya wata mata mai suna Adda Raliya ta zo daga Abuja. Tana so a ɗauki mahaifinta, Bappa Hamajoɗa, yana ba da tarihin gidansu kafin ƙasa ta rufe ido. Tsohon ya kusa casa'in, yana zaune a unguwar Makama, kuma da ƙyar ya yarda. Sharaɗinsa zama ɗaya ne, shi ba rediyo ba ne da za a yi ta murɗawa.

Da hantsi muka shirya a zaurensa. Kawu ya maƙala masa ƙaramin mayik marar waya a wuyan riga, irin mai batir, ni kuma na ɗaga sandata a matsayin na biyu. Mayik na jikin kyamara kuwa an daɗe da kashe shi, domin Kawu ya ce raini ne a ajiye wani kunne a inda yake. Othniel ya tafa hannu, Oga ya ce a fara. Tsohon ya soma da Fulfulde, yana sirkawa da Hausa, murya a hankali, yana lissafo kakanni da shanunsu.

Bai fi minti ashirin ba tayar wata tifa ta fashe a bakin titi.

An ce mini na yar da sandar, na fizge wayoyi biyu, na tsallake Othniel. Ni dai na farfaɗo ne a kicin ɗin gidan, tsakanin buhun masara da turmi, wata Goggo tana miƙo mini ruwa tana cewa, "Sannu, ɓingel, sannu," wato yaro da Fulfulde. Ban koma zauren ba har aka gama. A zaure kuwa Oga ya ga tsohon bai ko ɗaga gira ba, ya yi alama a ci gaba. Akwai mayik na wuya, akwai Kawu, me za a ji tsoro?

Can sai aka fara jin lasifikar wata motar masu maganin gargajiya daga layin baya, sama-sama. Oga ya kalli Kawu, ya nuna waje, ya motsa baki: yana shiga? Kawu ya duba rikoda, koraye suna tsalle gwanin sha'awa. Ya ɗaga babban yatsa. Haka aka yi awa biyu. Tsohon ya yi hawaye a wani wuri, Kawu ya sunkuyar da kai yana gyaɗawa, hannu a kan hedfon, kamar maganar ta ratsa shi.

Washegari Hilda ta leƙo daga ɗakinta. Ba ta dariya, amma kafaɗunta suna rawa.

Ta ce, "Oga, zo ka ji baban Raliya. Ban san yana da shago ba."

Muka taru a bayanta. Ga Bappa Hamajoɗa a allo, rawani fari, fuska cike da kwarjini, ya ɗaga yatsa yana nuna sama. Muryar da ke fita kuwa ta wani ƙato ce: "Basir mai tsiro, basir mai jini, wanda ya hana ka zama a kan benci, kwalba ɗaya ta isa." Tsohon ya share hawaye, muryar ta ce, "Kada ka ji kunya, Alhaji, matso kusa."

Abin da ya faru shi ne batirin mayik na wuyan tsohon ya mutu jim kaɗan bayan na gudu. Na'urar karɓa ta Kawu, da ta rasa muryar gida, sai ta cafko mayik ɗin mai magani, don irinsu ɗaya ne, 'yan kasuwa masu araha. Sandata kuma tana ƙasa, wayarta a cire.

Othniel ya fita baranda don kada ya mutu a gaban Oga. Oga bai yi dariya ba. Ya dubi Kawu, wanda ke tsaye yana kallon allo da natsuwa, yana jiran yabo. Sai ya zagaya bayansa, ya tsaya dab da kafaɗarsa ta hagu.

Ya ce, "Ɗanburam, bana zan biya maka Makka."

Kawu bai motsa ba.

Oga ya koma dama, ya ɗan ɗaga murya. "Da kai da madam."

Kawu ya ce wa Hilda, "Hoton ya fita, ko?"

Ni na fasa ƙwan, don ba zan iya kallo ba. Na faɗi komai, siririyar waya, hanci, gemu, tankin ruwa. Kawu yana bin bakina da ido har na gama. Bai musa ba. Ya cire hula ya shafa kai, ya ce shi ma ya lura fitila tana tsalle ko da tsohon ya yi shiru, amma ya ɗauka cikinsa ne ke ƙugi, ka san tsofaffi da kunun safe.

Oga ya ce, "Shekara nawa kana yi mini wannan?"

"Wanne daga ciki?"

"Ɗanburam, ba wasa nake ba."

"Shekara shida, Oga. Kafin yaron nan ya zo, Allah ne kawai yake riƙe da mu."

Adda Raliya ta yi fushi na kwana ɗaya, sannan ta nemi a tura mata guntun a waya. Ta lallashi tsohon ya sake zama, amma rabin awa kawai ya bayar, kuma Oga ya ɗauko wani mai sauti daga waje ya yi aikin. Mutumin yana da kayansa sababbi, yana kuma da kunne biyu, ya bar lambarsa a kan teburin Oga. Ni an ce in zauna, tunda gudu ba ya hana rubuta tambaya. Game da Kawu kuwa Oga ya yanke magana: ya je asibiti a auna kunnen dama. In likita ta ce na'urar ƙara ji za ta dawo da shi, kamfani zai saya, ya ci gaba da aikinsa. In ta ce ya wuce gyara, to ya ajiye hedfon.

Na san abin da ajiye hedfon yake nufi gare shi. Tun yana saurayi bai taɓa yin wata sana'a da ba ta bi ta kunne ba.

Ran Alhamis na raka shi. A cikin keke ya fara tsara mini aiki. Ya ji an ce ana sa wa mutum hedfon ne, in ya ji ƙara ya danna maɓalli. Saboda haka in tsaya inda zai gan ni, in na ga likita ta taɓa na'urarta in sosa hanci.

Na ce, "Kawu, in ka ci jarrabawar da satar amsa, za su ce lafiyarka ƙalau, ba za a ba ka na'urar ba."

Ya yi tunani har muka wuce shataletale. "To ka sosa rabi. In faɗi kaɗan, in ci kaɗan."

"Ba zan sosa ba."

"An yi asarar kuɗin makaranta."

Duk shirin bai yi amfani ba. Likitar, wata mata mai gilashi da ba ta son dogon zance, ta zaunar da shi a wani ɗan ɗaki yana fuskantar bango, ni kuma ta nuna mini benci a waje. Ta gilashin ƙofa ina hango ƙeyarsa da babban yatsansa a kan maɓallin. Ya daɗe bai danna ba. Sannan ya danna sau biyu a jere, ya sake tsayawa. Ban sani ba ko ji ya yi ko caca.

Da ya fito na tambaye shi yadda aka yi. Ya ce hedfon ɗinsu ba shi da kyau, in nasa ne da ba haka ba.

Likitar ta ce sai babban likita ya duba takardar, mu dawo ran Laraba. Yau Litinin. Kawu yana zuwa ofis kullum, yana naɗe wayoyi, Oga bai ce masa ya daina ba. Ba mu san sakamakon ba tukuna.