Kwanon Mama Nas

A gidan hayar da muka zauna a Tudun Wada, ƙofarmu tana kallon ƙofar wata dattijuwa da ta yi aikin asibiti har ta yi ritaya. Kowa a gidan, Mama Nas muke ce mata. Kirista ce, mijinta ya rasu, 'ya'yanta suna wasu garuruwa. Duk Lahadi in ta dawo daga coci sai ta dafa shinkafa da miya, ta zuba a wani kwano mai murfi, mai zanen jan fure, ta miƙo mini. Ni kuma in riƙe kwanon zuwa Juma'a, in mayar mata da shi da waina ko ɗanwake. Haka uwata ta koya mini: ba a mayar wa maƙwabci kwano wayam, ko gyaɗa ce a zuba. Wadda ta mayar da kwano ba komai ta shaida wa duk gida cewa murhunta ya mutu, kuma a gidan haya magana ba ta kwana a ɗaki ɗaya.

Sai ga shekarar da komai ya yi tashin gwauron zabi. Maigidana tela ne, shagonsa yana wajen Kwangila, kuma wanda bai ƙoshi ba ba ya ɗinka sabuwar riga. Ya koma facin tsofaffin wanduna. Abin da yake shigowa da shi da yamma ba ya kai mu ko'ina, ga yara huɗu masu ci kamar gara.

Nan na koyi auki. Na daina tuƙa tuwo sai jefi-jefi, na koma faten tsaki, don fate ba ya musu da ruwa. In ya yi kaɗan ka ƙara ruwa, ka watsa rama da yakuwa, ya cika tukunya. Ƙanzon da a da nake kankarewa in ba kaji, na dinga shanya shi a faifai, in ya taru in jiƙa, in kwaɗa da ƙuli-ƙuli. Garin masara na haɗa shi da alabo. Tumatir sai kauɗa, ita ma 'yar kaɗan don launi. Dunƙulen magi in raba shi biyu da wuƙa. Ƙashi ɗaya ya shiga miya yau, in tsame shi, gobe ya sake shiga. Kwalbar manja in kifa ta a rana har sai ta zubar da ɗigon ƙarshe. Ina sauke tukunya zan yayyafa wa gawayi ruwa, in shanya shi don gobe.

Ba zan ce ina baƙin ciki ba a lokacin. Ban cika jin komai ba. In tashi, in auna, in dafa, in raba, in wanke. 'Yata babba ta taɓa leƙa tukunya ta ce, “Umma, yau faten ne ko ruwan wanka?” A da da ta sha ranƙwashi. Ranar kallonta kawai na yi, na miƙa mata cokali.

Kwanon Mama Nas ne kaɗai yake tsaya mini a rai. Waina ta gagara, na koma mayar mata da dambu. Dambu ya gagara, na koma kwaɗon zogale. Daga nan sai soyayyar gyaɗa, wadda ko gindin kwanon ba ta rufe ba. Maigidana ya ga ina zubawa ya ce, “Gida bai ƙoshi ba za ki kai wa dawa?” Na ce masa Mama Nas ba dawa ba ce, kuma in yana da abin da ya fi gyaɗa ya fito da shi.

Sai wata Juma'a ta zo babu ko gyaɗar. Abin da ke tukunya fate ne tsululu, wanda ba zan iya zuba wa uwar wani ba. Na wanke kwanon, na goge, na tura shi ƙarƙashin gado.

Daga ranar na fara ɓuya. In na ji motsin ƙofarta sai in fasa fita shanya. In mun haɗu a bakin famfo in gaishe ta kaina a ƙasa, in ce na bar tukunya a wuta, alhali ko ashana ban ƙyasta ba. Lahadi ta zo ta wuce, na ji ƙamshin miyarta, ba ta miƙo komai ba, don kwanonta yana hannuna. Matar direban da ke ɗakin ƙarshe, wadda idonta yake ƙirga lomar kowa, har ta fara tambaya ko mun yi faɗa ne.

Lahadin da ta biyo baya, bayan azahar, Mama Nas ta yi sallama ta ɗaga labulena. Ba ta saba shigowa ba. Ta ciro baƙar leda daga cikin mayafinta ta ajiye a kan tabarma. Shinkafa ce da ɗuminta, an ɗaure bakin. Na fahimci abin da ledar take nufi, leda ba a mayar da ita. Ta san komai ke nan. Na jira in ji kunya ta kama ni, ba ta zo ba. Na ce, “Na gode, Mama.”

Ta tsaya a bakin ƙofa, ta rage murya. “Kwanon nan nawa, ki kawo mini ran Juma'a.”

“Mama, ai babu abin da...”

“Ban tambaye ki ba, 'yata. Ki kawo shi a rufe. Ke da kanki, kada ki aiko yara.”

Ran Juma'a da hantsi mata sun cika tsakar gida, masu wanki na yi, matar direba tana tsince shinkafarta a tire inda kowa zai gani. Na jawo kwanon, na kakkaɓe ƙura, na rufe shi. Ba nauyi ko kaɗan, murfin sai ƙara yake, dole na danne shi da babban yatsa. Na ratsa tsakar gidan na yi sallama.

Mama Nas ta fito ta karɓa da hannu biyu, har da ɗan sunkuyawa irin ta wanda aka miƙa wa abu mai nauyi da zafi. Ta ɗaga murya yadda kowa zai ji ta ce, “Ke dai ba kya gajiya da ɗawainiya. Allah ya saka da alheri.” Ta shige da shi ciki ba ta buɗe ba.

Na ce amin. Na koma ɗaki na hura gawayin jiya, na ƙara wa fate ruwa.

Haka muka ci gaba har lokacin da ɗanta ya zo ya tafi da ita wurinsa. Duk Juma'a in kai mata kwano a rufe, ta yi mini godiya a gaban mutane. Duk Lahadi ya dawo da shinkafa, wadda ita ma na lura tana raguwa a hankali, nama ya ɓace daga kanta, daga baya miyar ma ta koma ta kauɗa irin tawa. Ban taɓa yi mata maganar ba, ita ma ba ta taɓa yi mini ba.