Ranar da zanina ya daidaita rawar Sikotland

Ko da zan manta abubuwa da yawa na zamana a Dubai, ba na jin zan manta ranar da aka sa ni rawa a gaban ɗalibaina. Lokacin ban daɗe da gama digiri a lissafi ba, na samu aikin mataimakiyar malama a wata makarantar 'yan mata. Ni mutum ce mai fargaba, ko saƙo zan tura sai na yi ta maimaita karanta shi.

Malamar kiɗa a makarantar dattijuwa ce 'yar Sikotland, tana shekararta ta ƙarshe kafin ritaya. Ta samo kwafin wani tsohon littafi da ya bayyana wata rawar ƙauyensu, wadda aka daina yi tun kafin a haifi kakarta. Burinta ta ga an yi ta ko sau ɗaya, a bikin sallamarta. Irin rawar nan ce da ake jeruwa sahu biyu ana fuskantar juna, biyun farko su bi tsakiya su sauka, su dawo gurbinsu. Bayanin littafin gajere ne ƙwarai, sai ta roƙe ni in zana mata inda kowa zai bi.

Na ɗauki abin da zafi. A ɗakinmu na unguwar Al Nahda na jera murafen kwalba a ƙasa ina tura su. Abokiyar zamana, 'yar Zangon Kumasi, takan tsaya a kaina ta ce, "Malama, digirin ke nan? Yalla, maza kwashe 'yan rawarki in shimfiɗa sallaya."

A zane komai ya tafi daidai, a fili kuwa ya ƙi. Kullum 'yan matan sai su sauka su dawo su tsaya cirko-cirko, kiɗa bai kai inda zai juya ba. In an ce su ƙara nisa, su kai bango. Na yi ta duba zanen ina zargin kaina. Malamar ta ce in bai yiwu ba a gwajin ƙarshe za ta cire rawar daga bikin, don ba za ta nuna abin da ba ta yarda da shi ba. Da murmushi ta faɗa, amma na ga yadda ta rufe littafin.

Gwajin ƙarshe ya faɗo ranar da ma'aikata ke sa kayan ƙasarsu, na ɗaura zanin atamfa. Sai ga shi yarinya ɗaya ba ta zo ba, malamar ta ce in shiga gurbinta. Na ce ban iya ba, wataƙila gara a jira ta. Malamar ta ce, "'Yata, tafiya kawai za ki yi. Kin fi kowa sanin hanyar."

Aka saki kiɗa. Yarinyar da ke riƙe da hannuna ta so ta zabura yadda ta saba cikin wandon wasanni, ni kuwa zani ya hana ni buɗe ƙafa, dole ta bi takuna. Muka sauka, muka juyo, idona na ƙasa. Ina sa ƙafa a gurbina, kiɗan ya juya. Malamar ta kashe shi, ta daɗe tana kallon zanina, sannan ta ce a sake. Aka sake, ya kuma zama daidai.

"Dogayen riguna," in ji ta, kamar da kanta take magana. "Marubucin bai faɗi girman taku ba, don duk matan da ya sani haka suke tafiya."

Ba zan iya rantsewa haka mutanen wancan zamanin suka yi ta ba, ita ma ta gaya wa iyayen yara cewa hasashe ne. Wani tela a unguwar Satwa ya ɗinka wa yaran dogayen siket, aka yi rawar, tana zaune a sahun gaba tana buga ƙafa a hankali.

Abin da na koya shi ne mai rubutu ba ya rubuta abin da kowa ya sani a zamaninsa, wannan abin ne kuma ke fara ɓacewa. Tun daga ranar, in abu ya ƙi fita a takarda, nakan jinkirta zargin kaina, in tashi in taka shi da ƙafa tukuna.