Molon Baba a Kunnen Goggo

Mahaifina tela ne a babbar kasuwar Jimeta, kuma har ya koma ga Allah mutane ƙalilan ne suka san yana kaɗa molo. Kakanmu, wanda fatauci ya kawo shi Adamawa daga ƙasar Kano, bai yarda ɗansa ya riƙe abin kiɗa ba. Saboda haka molon ba ya kwana a gidanmu. A Adarawo yake zama, can cikin Yola, a gidan auren yayar Baba da muke kira Goggo. Ranar da marmari ya kama shi sai ya rufe shago da wuri, ya goya mahaifiyata a babur, su tafi.

Abin da ya rage mana daga wancan zamani kaset ne guda, wanda mijin Goggo, da muke kira Baffa, ya ɗauka da rediyonsa. Bayan rasuwar Baba ya faɗo hannuna. Da na ga zaren ya fara cin kansa, sai na kai wani shago aka juye mini shi a kwamfuta. A ciki akwai molo, da muryar Baba, da wata mace mai yi masa amshi, da tafi a can baya, duka a lulluɓe cikin wani shuuu kamar ana ruwa a kan kwano. Mahaifiyata, wadda muke kira Dada, ta rasu ina firamare, ban riƙe muryarta ba. Ni kaɗai na yanke wa kaina cewa ita ce mai amshin. Ban tambayi kowa ba, domin ban ga abin tambaya ba.

Ni ma'aikacin gwamnati ne, ina zaune a unguwar Karewa cikin Jimeta da iyalina. Ba na shan taba, ba na zaman majalisa, ƙwallo ma ba ta dame ni ba. Abin da nake kashe wa kuɗi shi ne sauraro. Ina da hedifon mai kyau, irin mai rufe kunne duka, wanda na daɗe ina tari kafin na saya. Ina kuma da wata manhaja a laftof da nake jin kiɗa da ita, ta kyauta. Wata rana na buɗe ta sai ga sanarwa: sun fito da babbar, ta kuɗi, wai mai saurare zai ji kamar yana zaune a ɗaki ɗaya da makaɗin. Sun ce a gwada na ɗan lokaci, in ta yi wa mutum sai ya biya, kuma da dala.

Na sauke ta gwajin. Ina kunna kaset ɗin Baba na ji tsigar jikina ta tashi. Na rantse har ƙarar yatsansa a kan tsirkiya na ji. Na kira matata, ita ma'aikaciyar jinya ce, na ɗora mata hedifon. Ta saurara, ta cire, ta miƙo mini.

"Yadda yake jiya haka yake yau," in ji ta.

"Ba ki saurara da kyau ba ne."

"To ai shi ke nan. Kai da kake da kunnen, sai ka tuna firijin gidan nan ma yana kiɗa, kuma nasa ba daɗi."

Gaskiyarta, firijin ya daɗe yana gurnani, mai gyara ya ce injin ne. Amma zuciyata ba ta bar maganar ba. A ofis ina tunani, a cikin keke napep ina tunani. In na ce a'a sai na tuna yatsan Baba, in na ce to sai na tuna firiji.

Maƙwabcinmu na jikin katanga malamin sakandare ne, mutumin kudancin jihar, shi ne kuma mai koyar da mawaƙan cocinsu. Duk layin Ticha muke ce masa. Mun shekara da shekaru muna musayar naman Sallah da shinkafar Kirsimeti, kuma shi kaɗai ne a unguwar da zan yi wa maganar sauti bai ɗauke ni mai taɓin hankali ba. Wata Asabar da la'asar, lokacin zafin nan na bazara da ko iska ta taso sai ka ji kamar daga murhu ta fito, na same shi a gindin dalbejiyar ƙofar gidansa, na ba shi labari.

"Kawo abin," ya ce. "Amma ni zan riƙe, kai ka juya baya."

Na juya. Ya riƙa kunna mini wuri guda, wani lokaci da tsohuwar manhaja, wani lokaci da sabuwa, ni kuma ina faɗin wacce ce. Na fara da ƙarfin gwiwa. "Sabuwa ce wannan, ko a mafarki na san ta." Sai na ji yana dariya ƙasa-ƙasa. Muka yi ta yi, na dace a nan, na faɗi a can, kamar mai 'yar canke. Daga ƙarshe ya dafa kafaɗata.

"Malam, kunnenka lafiya. Zuciyarka ne yana so ya saya. Wanda ka rantse a kai ɗin nan, tsohon ne."

Na ji kunya, amma kuma na ji kamar an sauke mini kaya. Na ce to magana ta ƙare, firiji ya ci. Shi kuwa bai ba ni laftof ɗin ba, yana ta leƙe-leƙe a cikin manhajar, irin na malaman makaranta da ba sa barin takarda sai sun karanta har bayanta. Can ya ce, "Tsaya. Ka ga wannan?"

Wani sashe ne da sabuwar kaɗai ke da shi, wanda ban taɓa buɗewa ba. Manhajar takan saki ƙananan sautuka a kunne ɗaya bayan ɗaya, daga mai kauri zuwa siriri, mai saurare ya nuna wanda ya ji da wanda bai ji ba. Daga nan sai ta ƙara ƙarfin abin da kunnen ya rasa, kowane kunne da nasa.

"Wannan ba naka ba ne," in ji Ticha. "Na tsofaffi ne. A coci ina da wata mama, ta fi kowa murya a da, yanzu ba ya jin 'yan mata in suna waƙa, sai maza kawai. Irin su aka yi wa."

Nan take Goggo ta faɗo mini a rai. Kunnenta na hagu ya kusa mutuwa, na dama kuma yana jin maza in sun ɗaga murya, amma jikokinta mata sai dai ta bi leɓensu da ido. Na taɓa kunna mata kaset ɗin a lasifika shekarun baya, ta ce ita ruwa kawai take ji, na kashe. Tun daga ranar ban sake ba.

Washegari na sa laftof a jaka na hau keke zuwa Yola. Na same ta a rumfar tsakar gida tana tsince zogale. Sunan kakanmu aka sa mini, don haka ba ta kiran sunana. Ta tarbe ni da gaisuwar Fillanci irin ta mutanen Yola.

"Babana, jam na? Yau kuma da jakar ofis ranar Lahadi?"

Na durƙusa na gaishe ta, na matso kusa da kunnen dama na yi mata bayani. Da ta ga hedifon sai ta ja baya.

"Ni zan sa wannan? Sai ka ce mai tuƙa jirgin sama."

Da ƙyar ta yarda ta ɗan zame ɗankwali. Na ce duk sanda ta ji ƙara ta ɗaga hannu. Gwajin ya ɗauki lokaci, domin wani sa'in takan ɗaga hannu alhali ban kunna komai ba, in na yi magana ta ce ai zakaran maƙwabta ta ji. Muka lallaɓa dai har manhajar ta gama lissafinta. Na yi bisimilla na kunna.

Da farko ba ta motsa ba. Sai na ga hannunta ya saki zogalen. Ta kai tafin hannu ta danne hedifon a kunnen dama, ta sunkuyar da kai. Leɓenta ya fara motsi.

"Ɗan nema," ta ce, da ƙarfi, irin na wanda ba ya jin muryar kansa. "Ɗan nema, ga shi nan. Wallahi shi ne."

Hawaye na zuba, tana dariya. Ta nuna gindin katanga, inda yanzu aka ajiye randa. "A can yake zama. Baffanka yana nan da rediyo, yana ta hana yara tari." Da amshin ya shigo sai ta dafe ƙirji, ta ce, "La ilaha illallahu. Ji ni kamar 'yar tsuntsuwa."

Na ɗaga mata kunne ɗaya na hedifon. "Goggo, me kika ce?"

"Na ce ji muryata."

"Ba Dada ba ce?"

Ta dube ni, ta fashe da dariya har da tari. "Dadarka? Allah ya jiƙanta, baiwar Allah nan ko yaro take rarrashi sai ya ƙara kuka. Ba ta iya waƙa ba ko ta sisin kwabo. Ni ce mai amshi."

Ban san abin da fuskata ta nuna ba, amma dariyar ta tsaya. Shekaru ina rufe ido ina jin wannan murya ina cewa uwata ce. Goggo ta gane ba tare da na faɗa ba. Ta kamo hannuna.

"Mayar baya kaɗan. Saurari tafin. Ka ji akwai guda da yake zuwa a makare, bayan na kowa ya sauka? To ita ce wannan. Kullum a makare. Babanka yakan juyo ya harare ta, ita kuma ta ƙara ƙarfi don ta ba shi haushi."

Na karɓi hedifon na sa. Yana nan kuwa. Tafi ne mai kauri, na hannu mai nama, yana bin sauran a baya kamar ɗan akuyan da aka bari a hanya. Na ji shi sau ba adadi a rayuwata, ina ɗauka lalacewar kaset ce. A wani wuri ma molon ya ɗan yi tuntuɓe, Baba ya yi wata gajeriyar dariya ta hanci, tafin ya ƙara ƙarfi. Na zauna a tabarmar Goggo na yi kuka irin wanda ban yi ba tun ina yaro, ita kuma tana bubbuga bayana tana cewa, "Ai gara da ka zo. Da na mutu da wa zai gaya maka?"

Sai da aka kira magariba ta bar ni na tafi, bayan ta sa na yi alkawarin dawowa da abin.

A gida na ba matata labari tun daga zogale har tafi. Ba ta katse ni ba. Da na gama ta ce, "Yaushe gwajin zai ƙare?"

"Ya kusa."

"To ka biya."

"Firijin fa?"

"Firiji ya saba da gurnaninsa, mu ma mun saba. Goggo ba za ta jira mu ba."

Biyan ma sai da ya zama aiki, domin katin bankina ya ƙi yarda da dala. Na je banki aka yi ta juya ni daga wannan tebur zuwa wancan. Ticha ne ya fitar da ni. Ya kira ƙanensa da ke aiki a waje ya biya daga can, ni kuma na ba shi a nan. Da na je yi masa godiya sai ya ce, "Godiya ba ya cika ciki. Ka ara mini abin ran Talata, in kai wa maman nan namu." Na ara masa. Ya dawo yana ba ni labarin yadda tsohuwar ta ji waƙar da ta koya wa 'yan mata da bakinta, ta kuma kama su da kuskure a baiti na biyu.

Daga nan Asabar ta zama ta Adarawo. Wani lokaci ni kaɗai, wani lokaci da matata da yara. Goggo takan sa a share rumfa tun da hantsi, ta aika a sayo mana kosai, ta zauna da ɗankwalinta a zame tana jira. Ba kaset ɗin Baba kaɗai ba, har karatun Alƙur'ani da wa'azi na riƙa kawo mata, ta ce rabonta da jin wasali ya fita sarai tun mijinta na da rai. Ƙawayenta biyu na unguwa suka ji labari suka fara zuwa, kowacce na yi mata nata gwajin kunnen, suna karɓa-karɓa suna gardama a kan wadda ta daɗe.

Goggo ta yi damina biyu tana ji kafin Allah ya karɓi abarsa. A wata Asabar cikin na ƙarshe, tana cikin sauraro sai ta ɗauki amshin da bakinta, muryar ta dushe, numfashin ba ya kai wa ƙarshen layi, amma ba ta saki ba har waƙar ta ƙare. Matata na gefe, ta ɗauka da waya ba tare da kowa ya lura ba. Da Goggo ta gano sai ta ce a goge, wai tsohuwa da waƙa abin kunya ne. Matata ta ce to, Goggo, ta sa wayar a jaka. A keke muna komowa Jimeta ta tura mini, na adana shi a wuri ɗaya da na Baba.