Katakon Rasha a Kafaɗar Ubale

Ubale mutumin Maraɗi ne. Hajji ya kawo shi Jidda, dako ya riƙe shi. Shekara ashirin yana sauke kaya a tashar jiragen ruwa, har kafaɗarsa ta yi kanta kamar gwiwar raƙumi. Bai taɓa gaisawa da Ba'amurke ba, balle ɗan Rasha, amma ya ɗauki rigimarsu ya aza a ka kamar gadon ubansa. Rasha ba ta san Allah ba, in ji shi, saboda haka shi na Amurka ne. Ita Amurkar ba ta ma san an haife shi ba.

A 1987 ɗansa na fari, Rafi'u, ya bi masu kai agaji Afganistan, inda Rasha ke ruwan wuta, Amurka na izawa. Ubale da bakinsa ya sa albarka. Wasiƙa biyu suka zo, daga nan shiru.

Ba a cika shekara huɗu ba, manya suka sha hannu da Rasha, aka maido jakadu, aka ci aka sha. Wata safiya sai ga jirgin Rasha maƙil da katako.

"Yalla, Baba, zo a sauke," in ji Abdulghaffar, shugaban leburori, haifaffen Jidda.

"Uban wa zai ɗauka? Jiya kafirai, yau baƙi? Su fara sauke mini ɗana!"

"An shirya, halas, magana ta ƙare. Kafili, ubangidan da ya tsaya mana, ya ce wanda ya ƙi, ba a sabunta masa iƙama, takardar zama."

"Da za su shirya sun tambaye ni?"

"Da za su ɓata fa?"

Ubale ya yi jifa da gammo, ya nufi gida, unguwar Ruwais, yana huci. Zubaidatu matarsa ta bari ya gama zagin ƙasashen biyu har kakanninsu.

"Sannu da yaƙi, Malam. In aka tasa ƙeyarmu Maraɗi, yaron nan ƙofar wa zai buga ranar da ya dawo? Nan aka haife shi. Lungun nan kaɗai ya sani."



Washegari ya riga kowa isa tasha. Kowane katako da ashar ɗinsa: wannan na Mosko, wannan na Washinton, wannan nasa shi da ya sa albarka. Wani ma'aikacin jirgin ya miƙo masa sigari yana murmushi, Ubale ya tsartar da yawu a teku.

"Baba, bi a hankali, bayanka," in ji Abdulghaffar.

"Rufe mini baki. Ɗora biyu, a gama, su tafi."