Rabon Tukunyar Farko a Ƙauyen Mahaifina

Kawo zuwa Maƙarfi

Ƙarfe biyar da rabi na asuba na bar gida a Kaduna, da saƙo ɗaya tak. Mahaifina ya bar ƙauyensu tun kafin a haife ni, bayan sun yi faɗa da yayansa kan iyakar gona. Yanzu tsufa ya kama shi, yana son ya koma, amma yana tsoron a ce ba a san shi ba. Ya ce mini, "Je ka dubo ko har yanzu ana lissafa mu cikin mutanen gari."

A tashar Kawo na sami ƙaramar mota, mu huɗu a baya kamar an ɗaure itace. Takwas saura muka wuce Zariya, muka karya kwana a Tashar Yari. A shinge ɗan sanda ya leƙo, ya ga ba mu da abin kirki, ya ɗaga mana hannu. Tara da kwata na karya da koko da ƙosai a Maƙarfi.

Bayan Gubuchi

Daga nan sai mashin, muka wuce garin Gubuchi. Muna gangarawa fadama na ce wa ɗan acaɓa ya tsaya. Rake ne iya ganin ido, ya fi tsayin mutum biyu, iska tana kaɗa shi yana ƙara kamar ana ruwa. Can tudu ga kukoki da rumbuna, ga shanun Fulani suna gangarowa rafi. Ni da nake taƙamar na san gari, sai ga ni baki buɗe.

"Malam, kallo ka zo ko tafiya?" in ji shi.

A wurin matsa

Sha ɗaya na isa. Gari duk ya hallara a wurin matsar rake: doki yana zagaya inji, ruwan rake yana tafasa, ana zubawa a ƙananan kwanoni ya daskare ya zama mazarƙwaila. Aka nuna mini yayan mahaifina, Baffa Ilu. Na durƙusa muka gaisa, na faɗi ko ni ɗan wane ne. Ya dube ni ya daɗe, ya ce in zauna.

Da na zauna na ce, "Baffa, mutum nawa ne a garin nan?"

"Ba ma ƙirga kawuna, ɗana. Gida muke kira. Yanzu za ka ji."

Ashe tukunyar farko ta kowace shekara ba a sayar da ita. Kowane gida a kira shi a ba shi rabonsa. Liman ya shiga kira, har gidajen ruga. Can sai na ji, "Gidan Audu!" Sunan mahaifina ke nan. Na waiga, ba wanda ya motsa.

"Tashi mana," in ji Baffa. "Duk shekara ni nake karɓar masa, in raba sadaka. Na gaji da tashi sau biyu."

Na tashi ina hawaye, ban ji kunyar kowa ba.

Komawa

Na ci tuwon dawa da miyar kuka, na kamo hanya ƙarfe uku. Bayan sallar isha'i na shiga gida. Na ba mahaifina labari daga farko. Da na gama, ya kira ƙanwata ya ce ta wanke masa rigunansa duka, jibi zai tafi.

Na gode wa Allah da Ya kai ni Ya dawo da ni, na kuma gode wa Baffa Ilu.