Akwatin Da Ya Ara Wa Baba Hannu

Ni ɗan makaɗi ne da bai iya kiɗa ba. Gara in faɗa da bakina tun da wuri, kafin wani ɗan garinmu ya karanta wannan ya tona ni. Mahaifina shi ke kaɗa gangar noma a ƙauyenmu da ke bayan Kafur, tun ban zo duniya ba. Ni kuwa 'yan mishan suka sa ni makaranta, na fito malamin firamare a Malumfashi, na sa wando da takalmi sau-ciki, na fara jin kunyar a gan ni da ganga. Duk ranar da Baba ya ce, "Zo ka riƙe mini kazagi," wato ƙaramar gangar da ke raka babbar, sai in ce ina da karatu. Da ya gaji ya daina kira. Tun daga nan ya laƙaba mini Malam, kuma yadda yake jan kalmar, ko kurma ya san ba girmamawa ba ce.

Abin dariya, da na girma sai kiɗan ya biyo ni ta wata ƙofa. Ni ke koyar da mawaƙan cocinmu a Malumfashi, kuma a shekarun nan da aka raba jiharmu da ta Kaduna kaset ɗin mawaƙa ya cika gari. Na ƙwallafa rai sai mu ma mun yi namu. Abin da ke tsaya mini a rai shi ne kiɗan da nake ji a ƙarƙashin waƙoƙin nan, tas-tas, ba gardama, ba tuntuɓe. Wani ya ce mini ai ba mutum ba ne, akwati ne ke yi. Na ce masa ya ji tsoron Allah ya daina ƙarya.

A farkon daminar shekarar ne ɓarin jikin Baba na dama ya shanye. Ya yi kwanakinsa a asibiti, aka dawo da shi gida, ƙafa tana ja, hannu a sake. Bakinsa ya dawo, da kaifinsa da komai, sai dai maganar ta yi nauyi. Ranar da ya dawo ya sa Inna, mahaifiyata, ta fitar da gangar daga ɗakinsa. Ya juya fuska ga bango, ko ƙofar ɗaki bai ƙara leƙawa ba.

Da lokacin huɗa ya zo, mutanen gari suka ce za su yi masa gayya a gonar dawarsa da ke bayan gida. Alheri suka nufa. Amma gayya ba ta yiwuwa ba ganga, don haka suka ce za su ɗauko makaɗi daga wani ƙauye. Inna ta same ni a zaure, ta rage murya. "Ya ce ranar da gangar wani ta yi kuka a gonarsa, a ja masa ƙofa kawai. Abinci ma loma biyu yake yi. In bai fito daga ɗakin nan ba, ba na jin zai ga kaka." Na ji tsoro ƙwarai, amma ban san abin yi ba.

Ba zan yi wa kaina ado ba: ranar Asabar ɗin da na hau mota zuwa Funtua, ba don Baba na je ba, don kaset ɗina na je. An ce mini wani Alhaji mai shagon kaset kusa da tasha ya samo akwatunan kiɗa guda biyu daga wasu makaɗan otal da suka watse. Na tarar da shi a zaune yana cin goro. Na gaishe shi, na faɗi abin da ya kawo ni da irin muryar wanda ya san kan abu, alhali ko kalar akwatin ban taɓa gani ba.

Ya yaye wani tsumma a kan tebur. Ga shi nan, ƙato, gefensa kamar katako, fuskarsa cike da maɓallai da 'yan fitilu. Ya cusa waya a bango, ya danna wuri ɗaya.

Wayyo Allah! Shagon ya ɗauka. Ganguna, da kuge, da wani abu mai caccaka, duk a lokaci ɗaya, kowanne a muhallinsa. Ni da ke koya wa yara cewa babu aljanu a cikin rediyo, sai ga ni na zagaya bayan tebur ina ɗaga labule. Ba kowa. Mai rake da ke wucewa ya ajiye baronsa a bakin ƙofa ya saki baki. Alhaji ya danna wani maɓalli, kiɗan ya sauya salo ba tare da ya yi numfashi ba. Ya danna wani, ya sake sauyawa. Tun ina yaro na san kiɗa gumi ne da kanta a tafin hannu, yau ga shi yana fitowa daga abin da ba shi da hannu ko ɗaya.

"Wannan nake so," na ce. "A ɗaure mini shi."

"Malam, sannu-sannu dai," in ji Alhaji. "Ka ga ƙanensa tukuna. Wancan sai da wutar lantarki, kuma abin da Turawa suka zuba masa shi kaɗai ya sani. Wannan kuwa batirin tocila yake ci."

Ya jawo wani ɗan abu baƙi daga cikin durowa, bai fi littafin waƙoƙin coci ba. "Sai dai fa jahili ne. Bai san komai ba sai abin da ka koya masa."

Raina ya ɓaci. Na ce, "Alhaji, jahilai ina da aji guda cike da su, kuma biyana ake yi in koya musu. Yanzu ni zan biya in ƙaro wani?"

Ya yi dariya har goro ya sarƙe shi. Sannan ya sa yatsa ɗaya ya buga wani maɓalli: dum, dum-dum. Ya ɗauke yatsan. Akwatin ya ci gaba shi kaɗai, dum, dum-dum, yana maimaitawa. Yana cikin yi, Alhaji ya mayar da yatsan nan dai a kan wani maɓalli: tas, ta-tas. Wannan ma ya zauna a kan na farko, suka tafi tare. Ya ƙara na uku.

Ban san lokacin da na daina kallon akwatin ba. Ɗaya hannun Alhaji nake kallo, na dama, yana kwance a kan tebur da ɓarin goro a ciki.

"Alhaji, wancan hannun bai taɓa komai ba?"

"Ga shi kana gani, goro yake gadi."

Nan take na tuna Baba. Gangar noma hannu biyu take so: dama ta riƙe gula, sandar bugu mai lanƙwasa, hagu kuma tana amsa mata da yatsu a kan fata. Abin da ya kwantar da Baba ke nan. Ga shi wannan ɗan abin yana karɓar aikin hannu ɗaya ya riƙe, ya jira hannun ya dawo ya yi na biyu.

Na daɗe a tsaye tsakanin akwatunan nan. Babban zai ba ni kaset a cikin mako guda, a san da ni har Jos. Ƙaramin fanko ne, ni kuma ba ni da abin zuba masa. Na gwada buga kiɗan Baba a kansa, Alhaji ya saurara ya ce, "Malam, wannan kiɗa ne ko kaza ce ke tsattsagar tsaba?" Na ji kunya har cikin ƙashina. Sai da aka kira la'asar na ce a ba ni ƙaramin. A cikin mota har Malumfashi ina ta zagin kaina, ina tuna fitilun babban.

Washegari bayan an tashi daga sujada na wuce ƙauye. Na tarar da Baba yadda na bar shi.

"Baba, na zo da wani abu."

"In magani ne, Malam, ka kai wa masu rai."

Ban roƙe shi ba, don na san halinsa, irin nawa ne. Na zauna a bakin gado na kunna akwatin, na fara buga kiɗansa iya yadda na iya. Ba da gangan na ɓata ba, iyakar ƙoƙarina ke nan. Akwatin kuwa ba ya rufa wa kowa asiri, ya riƙa maimaita ɓarnar tawa ba fashi. Na ga kafaɗar Baba tana motsi. Ya daure, ya daure, can ya juyo.

"Wane ɗan banza ne ke kashe mini kiɗa a cikin ɗakina? Kawo nan, sakarai!"

Na ɗora masa a cinya, na goge nawa, na nuna masa inda zai buga. Ya sa yatsan hagu ya buga bugun gula. Da ya tsaya, akwatin ya amsa masa da bugun nan nasa, daidai. Ya fizge hannu kamar ya taɓa garwashi.

"Wa ke ciki?"

"Kai ne, Baba."

Ya karkata kai yana sauraro. Na ce, "Yanzu ka ɗora masa na hagu." Ya dube ni, ya dubi hannun daman da ke kwance a gefensa, sannan ya ɗora. Da bugun biyu suka haɗu, gangar Baba ce ta tashi a cikin ɗakin, wadda na sani tun ina goye. Inna ta sheƙo daga madafa da muciya a hannu, ta tsaya a bakin ƙofa ta kasa shigowa. Ni dai hawaye na yi, ban ɓoye ba.

Kwana uku yana fama da shi, yana gogewa yana sakewa, yana mitar cewa muryar akwatin ta mai mura ce. Ya ɗora har da bugun kazagi. Tuwonsa ya fara ƙarewa a kwano. Ya yarda a sallami baƙon makaɗi a kai akwatin gona. Amma fita, ya ce atafau. "Ba za a ja ni gaban mutane kamar buhun masara ba. Daga nan ma ina ji."

Ranar gayya na aro lasifikar coci da batirin mota, na kafa su a gindin ɗorawar da ke bakin gona. Maza suka jeru da galmuna, kowa a bakin kunyarsa, suna kallona suna ƙunshe dariya. Na danna.

Ba wanda ya motsa. Wani dattijo ya cire hularsa a hankali. Wani ya juya yana kallon gidanmu ya ce, "Ya warke ne?" Sai mata suka rangaɗa guɗa, maza suka duƙa gaba ɗaya. Ikon Allah! Galma ta sauka tare, ta tashi tare, jar ƙasa tana kifewa a gindin dawa, layin yana tafiya sak. Mutumin yana kwance a ɗaki, hannunsa yana nan a fili yana tuƙa maza. Na tsaya a gindin ɗorawa ina kumbura kamar ni na ƙera akwatin.

Da hantsi ya ɗaga sai na ga layin ya fara karkacewa. Samari sun yi gaba, dattawa sun koma baya. A kunyar ƙarshe akwai wani tsoho, tsaran Baba kuma amininsa, yana haki, galmarsa tana sauka a bayan kiɗa. Ba zai tsaya ba, don abin kunya ne namiji ya miƙe ganga tana kuka. Akwatin kuwa bai san gajiya ba. Ni da wayona sai na ƙara wa lasifika ƙara, wai ko za su ji ƙarfi.

"Malam! Kai Malam! Za ka kashe mini mutane!"

Na waiga. Baba ne. Hannunsa na hagu a wuyan Inna, ƙafa tana jan ƙasa, idonsa a runtse don ya kwana biyu bai ga rana ba. Duk gonar ta ga yadda ake jan sa, bai ko kula ba.

"Baba, kiɗanka ne fa, ban taɓa komai ba."

"Kiɗana na safe ne wannan! Ba ka ga inda rana take ba? Tun daga ɗaki nake jin galma tana saɓa wa ganga. Abin nan naka ba shi da linzami ne?"

Akwai wani ɗan abin murɗawa a gefe, wanda Alhaji ya ce na sauri ne, ni ban ɗauke shi a bakin komai ba. Muka zaunar da Baba a kan saiwar ɗorawa, na ɗora masa akwatin a cinya. Ya kama abin da yatsa biyu. Bai dubi akwatin ba, bai dubi samarin ba. Tsohon nan na kunyar ƙarshe ya kafa wa ido, ya murɗa kaɗan, kaɗan ƙwarai, har ni da ke kusa da kyar na ji bambanci. Galmar tsohon ta faɗa cikin kiɗa. Samarin suka lafa ba tare da sun sani ba. Kafin a kai ƙarshen kunya layin ya miƙe, ba wanda ya gane an jira shi.

Na ce, "Baba, dama haka kake yi?"

"Na gaba me zai yi da ni? Na baya nake yi wa."

Na tsuguna a gefensa har aka tashi. Da gajimare ya rufe rana ya ƙara musu sauri, da aka sha kunu ya sassauta, da aka zo kunyoyin ƙarshe ya sake su suka yi ta ihu. Shekara da shekaru ina jin gangar nan daga nesa, ban taɓa sanin da ido ake kaɗa ta ba.

Bayan la'asar aka gama. Mutane suka yi layi suna gaishe shi, amininsa ya zo yana tsokanarsa wai ya ga ya rage masa gudu, Baba ya rantse bai yi ba. Da aka watse na miƙa hannu zan ɗauki akwatina, don gobe akwai koyon waƙa a coci. Ya danne shi da tafin hannu.

"Ranar Talata akwai gayya a gidan maƙeri," ya ce, bai dube ni ba. "Kazagin da ke cikin abin nan ba shi da rai. Ka zo ka riƙe mini na gaske."

Rabon da ya kira ni haka an yi shekaru. Bakina har ya buɗe zai ce ina da makaranta, don ya saba. Na cije leɓe.

"To, Baba. Amma fa ban iya ba."

"Na ji ai," ya ce. "Ka zo da wuri."